Shanun Ardo a Kan Takarda

Shagona yana bakin titin Sakkwato a Tambuwal, kusa da inda motocin haya ke lodi, kuma sana'ata buga takardu. Kwamfuta biyu gare ni, ɗaya tana aiki, ɗayar kuma na kasa jefarwa, sai injin kwafi da janareta mai yawan tari. Duk mai neman aiki a garin nan, ko wanda ya gaji da nasa yana son komawa wani, da wuya a ce bai taɓa zama a kan bencina ba. Ni nake buga musu takardar neman aiki, da wadda muke kira sibi, inda mutum ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi.

A bayan kujerata akwai kanta guda ta tsofaffin littattafai da nake sayowa a Sakkwato wajen masu bazawa a ƙasa. Duk na Turanci ne, kuma duk zancensu ɗaya: yadda za ka bar aikin da ya ishe ka, yadda za ka tsara sibi, yadda za ka zauna gaban masu intabiyu gwiwarka ba ta rawa. A bangon kowanne akwai mutum yana murmushi da haƙora farare tas, irin wanda bai taɓa jiran albashi ba. Na karance su da ƙamus a gefe, na kuma gaskata su gaskatawar da nake jin kunyar faɗi yanzu. In aka tambaye ni ko suna da amfani, kafin mai tambaya ya rufe baki na amsa. Ba ƙarya zalla nake yi ba kuwa. Akwai wata malamar firamare da muka gyara takardarta yadda littafi ya ce, ta sami aiki a asibiti wajen ajiye katin marasa lafiya, har yau in ta wuce sai ta leƙo ta gaishe ni. Akwai kuma wani akawu da ya sayi uku ya karance su tsaf, yana nan a teburinsa na da, abin da ya ƙaru da shi kawai shi ne tafiya da sauri. Labarin malamar nake ba mutane, na akawun kuwa in bar shi a cikina.

Wanda na daina ba da labarinsa a shago shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya yi mini aure. Malamin dabbobi ne na ƙaramar hukuma a Kebbe, sama da shekara ashirin. Masu shanu Likita suke ce masa, ko da yake bai yi karatun da ya kai nan ba. Kullum yana bisa tsohon babur, da kula ɗaure a baya da roba, cike da ƙanƙara da kwalaben allura. Akwai tabo a ƙwaurinsa na hagu inda wani bijimi ya taɓa harbinsa, kuma in ya shigo ɗaki warin magani da na nono suke riga shi shiga. Ba shi da yawan magana. Ni ne mai bakin gidanmu, kowa ya san haka.

Kafin abin da zan faɗa ya faru, sau ɗaya na taɓa bin sa ruga, lokacin da matata ta haihu ana neman man shanu mai kyau. Rugar Ardo muka je, wani dattijo da kakanninsa suka zauna a wajen tun ba a yi titin mota ba, suna noman gero suna kiwo. Da na ga garken ya cika fili, farare da jajaye, sai bakina ya suɓuce na ce, “Kai! Waɗannan za su kai nawa?” Yayana ya take mini ƙafa takewar da sai da na ji har cikin kaina. Ardo ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni lafiyar mai jego.

A hanyar dawowa yayana ya yi mini bayani, yana tuƙi yana magana iska na kwashe rabi. Ba a ƙidaya shanun mutum, ba a tambayarsa, ba a ma nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu tsoron baki suke yi, cewa abin da aka ƙidaya albarkarsa ta kan janye. Tsofaffi ba su manta zamanin jangali, harajin shanu, ba, lokacin da duk mai ƙirga saniya don ya karɓi wani abu yake ƙirgawa. Yanzu kuma ga ɓarayin daji, waɗanda abin da suke nema su sani ke nan, wa ke da nawa, kuma a ina. Ko ɗan da mutum ya haifa ba ya tambayar ubansa. Shi ya sa yayana in ya shiga garke sai ya ce tubarkalla, ya sunkuyar da kai bisa allurarsa, yana buɗe kwalba ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ƙare ya jefa cikin jaka ba tare da ya jera su a ƙasa ba. In zai rubuta rahoto a ofis kuma, jimillar gunduma gaba ɗaya yake sawa, ba ya ware na kowa. Saboda haka ne suke buɗe masa abin da suke ɓoye wa sauran ma'aikata, har garken da ake ajiyewa can cikin daji. Shi da Ardo kuwa abin ya wuce aiki, domin ɗan yayana na biyu sunan Ardo ya ci.

Na ji duk wannan, na kuma gyaɗa kai. Ba zan ce ban sani ba.

Shekarun baya aikin yayana ya bushe. Damina ta zo ta wuce ba a kawo allura ba, wata ma ta zo ta wuce. Ya kan je ofis ya zauna, ya gaisa da mutane, ya dawo. In saniyar wani ta kwanta, shi yake zuwa Sakkwato ya sayo magani da kansa. Ana cikin haka wani ya kawo mini sanarwa in yi masa kwafi, sai na ga wata ƙungiya ce mai taimakon makiyaya take neman jami'in da zai riƙa yi wa shanu rigakafi a Tambuwal da Kebbe. Za su ba da sabon babur, da firji mai aiki da hasken rana, da magani wadatacce. Na cire kwafi ɗaya na aika wa yayana. Na san ba albashin ne zai ja shi ba, firjin ne. Mutum ne da ya yi shekaru yana tseren kai allura ruga kafin ƙanƙara ta narke.

Bayan kwana uku sai ga shi a shagona, da takarda ninke a aljihun gaba. Layi biyar ne da rubutun hannu. Ya ce shi wane ne, ya yi aiki da dabbobi shekaru kaza, da taimakon Allah, kuma yana roƙo a duba shi. Na yi dariya har da buga tebur.

Na ce, “Yaya, wagga takarda ko mai gadi ba a ɗauka da ita.”

Ya ce, “Mi yar rage? Gaskiya ta nir rubuta.”

Na juya na zaro littafi guda daga kanta, wanda na fi so, na buɗe babin da na ja wa layi da jan biro. Na fassara masa. Kada ka ce ka yi aiki, kowa ma ya yi aiki. Faɗi nawa ka yi, a ina, da wa, kuma wa zai shaide ka. Mai ɗaukar aiki takardu ne jibge a gabansa, ba abin da ke tsayar da idonsa irin lamba. Na ce masa sai mu jera rugagen da yake zuwa, da masu su, da adadin shanun da yake yi wa allura a kowace.

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ce, “Ba a ƙidayar dukiyar mutane.”

Na ce, “Amma ai ka san adadin.”

Ya juya yana kallon titi. Can ya ce, “Wanda bai sani ba, ƙaƙa shika sanin kwalba nawa za shi ɗauko?”

Nan na kama shi, kuma ban sake ba. Na ce takardar cikin ambulan za ta tafi, a Sakkwato za a buɗe ta, mutanen da za su karanta ba su san Ardo ba, ba su ma san inda Kebbe take ba. Na ce yara masu digiri za su nemi aikin nan, shi mi yake da shi da ya fi su in ba wannan ba. Na kawo zancen 'yarsa babba mai son karatun jinya. Da na ga bai motsa ba sai na faɗi wadda har yau take ci mini rai, na ce kunyar ƙauye ce ke cinsa, kuma ita za ta kashe shi bisa wannan ruɓaɓɓen babur. Ƙane ya faɗa wa yayansa haka, wanda ya riƙe shi. Ya ninke takardarsa ya koma Kebbe.

Sau biyu yana dawowa muna rabuwa a kan maganar. A na uku, bayan la'asar, ya jira sai da mai kwafin ƙarshe ya fita, ya ce in tura ƙyaure ɗaya. Ya jawo benci kusa da ni har gwiwarsa na taɓa tawa, ya fara faɗa da murya ƙasa-ƙasa, ruga bayan ruga. Bai duba takarda ba, bai yi jinkiri ba, duk suna cikin kansa, har da wanda garkensa ya ƙaru bana da wanda nasa ya ragu. Da muka yi nisa ya ce ko a haɗa su jimilla ɗaya kamar yadda ya saba. Na ce a'a, littafi ya ce dalla-dalla ake so, jimilla kowa na iya ƙirƙira. Na zana masa jadawali mai gida uku, ƙauye da suna da adadi, na ƙara wa lambobin kauri don su fito. Wallahi ranar ji na yi ban taɓa buga takarda mai kyanta ba.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ka tabbata ba mai gani sai su?”

Na ce na tabbata. Ba ni da abin tabbatarwa ko ɗaya, bakina ne kawai ya saba.

Aka kira shi intabiyu. Na yi kwana biyu ina koya masa abin da littafi ya ce, ya dubi mutane cikin ido, ya bar cewa “Allah ya taimaka anka yi”, ya riƙa cewa “ni na yi”. In ya faɗa sai ya ƙara da astagfirullahi a hankali, ni kuma in harzuƙa. Ya je ya dawo, bayan mako biyu aka ce shi aka ɗauka, kuma an gaya masa a fili cewa jadawalin nan ne ya raba shi da sauran. Aikin na cikakken lokaci ne, don haka sai ya ajiye na ƙaramar hukuma. Takardar ajiye aikin ma ni na buga. Na cika na batse, duk wanda ya shigo shago sai ya ji labari, kafin wata ya ƙare kantar littattafaina ta koma rabi.

Ƙungiyar ta shirya taron gabatar da shi ga masu shanu a Kebbe, a filin wata makaranta, ranar kasuwa don kowa ya samu zuwa. Na rufe shago na sa sabuwar shadda na tafi, domin a ganina bikina ne. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an kawo lemo cikin kwali. Ardo-ardo da manyan masu shanu suka zauna a gaba da malafunsu da sanduna. Bayan rumfa kuwa jama'a ce ta taru yadda takan taru in an ji lasifika, 'yan kasuwa da masu acaba da masu wucewa, da fuskokin da ba wanda ya san daga inda suka fito.

Jami'in da ya zo daga ƙungiyar saurayi ne mai fara'a, ɗan birni daga nesa, Hausarsa irin ta rediyo. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ina jin dai ko akuya bai taɓa kiwo ba. Ya yi ta yabon yayana har yayana ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sannan ya ce, “Don ku san ba da ka muka zaɓe shi ba, bari ku ji yadda mutumin nan ya san ku.” Ya buɗe jakarsa ya zaro takarda. Daga inda nake zaune na gane ta, na hango jadawalina da lambobinsa masu kauri.

Da sunan Ardo ya fara, don shi ne a sama. Ya faɗi sunansa, ya faɗi ƙauyensa, ya faɗi adadin, lasifika ta kai shi har bakin kasuwa. Ba zan rubuta adadin a nan ba, sau ɗaya da na rubuta ya isa. Wani a bayan rumfa ya yi fito. Saurayin ya ji daɗi, ya karanta na biyu, ya shiga na uku. Sai yayana ya miƙe, ya je ya dafa hannunsa ya ce, “Ya isa hakanan, ranka ya daɗe.” Saurayin ya ɗauka kawaici ne, ya yi dariya ya ce a tafa masa. 'Yan kallo suka tafa. Ni ma na sami hannuwana a haɗe, ban san lokacin da na ɗaga su ba.

A layin gaba ba wanda ya motsa. Ardo ya ƙura wa ƙasa ido, hannunsa biyu bisa kan sanda. Ba su tashi ba, ba su yi hayaniya ba, suka zauna har aka yi addu'ar rufe taro suka shafa. Sannan suka gaisa da baƙon ɗaya bayan ɗaya, suka yi masa godiya, suka gaisa da yayana, suka tafi. Lemon da aka ajiye a gaban kowannensu yana nan ba a buɗe ba. Na nemi idon yayana, shi kuwa yana ta tattara kujeru kamar shi aka ɗauka aikin.

Abin da ya biyo baya ba faɗa ba ne, da faɗa ne ma da an sasanta. Yayana ya hau sabon babur da allura mai sanyi ya shiga rugage. Ko'ina a shimfiɗa masa tabarma, a kawo nono, a tambayi iyali. In ya ce ina dukiya, sai a ce shanu sun yi nisa. Ya koma da sassafe, sun yi nisa. Ya koma da yamma, ba su dawo ba tukuna. Gida biyu daga cikin waɗanda ke cikin takardar suka kwashe garkensu suka kai wajen dangi a hayin gulbi. Bayan wata biyu ɓarayi suka shiga wa na ukun nan da aka faɗi sunansa a taro kafin yayana ya tsayar. Ana sata kafin takardata, ana kuma yi bayanta, ba mai iya rantsewa cewa ita ce sila. Amma a kasuwa an haɗa zancen, kuma ni kaina na haɗa.

Firji yana nan cike, rahotonsa kuwa wayam. Wata shida aka ba shi na gwaji. Da suka cika saurayin ya zo da kansa, ransa a ɓace, ya ce shi ya kasa ganewa, mutumin da ya san kowa ya kasa samun saniya. Yayana bai gaya masa dalili ba, ya ce ƙaddara ce. Suka karɓi babur da firji. Gurbinsa na ƙaramar hukuma kuma an riga an ba wani. Ya koma gonar gero, yana duba awaki da kaji na matan cikin gari in an kira shi.

Bai taɓa ce mini kai ka ja ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi. Na yi fushi da littafin, na yi da saurayin, na yi da masu shanun da taurin kansu, har da shi kansa na yi fushi don mi ya biye mini. Duk na zagaya na dawo kaina. Littafin bai yi ƙarya ba, ya ce lamba za ta sa a ɗauke ka, kuma ta sa. Wanda ya rubuta shi ya san masu ɗaukar aiki ciki da waje. Mutanen da za ka je ka yi aikin a cikinsu ne bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, bai taɓa shan nono a rugar Ardo ba. Ni na sha. Har yanzu ina sayar da littattafan, ba zan ɓoye ba, abinci nake nema. Sai dai in an tambaye ni ko suna da amfani yanzu nakan daɗe ban amsa ba, har wani ya gaji ya ajiye ya fita.

Da damina ta yi tsakiya sai labari ya zo cewa ciwon huhu ya shiga garken Ardo, kuma wajen masu tallar magani a kasuwa yake saye yana gwadawa. Matar yayana ta kira ni ta ce kwana biyu ke nan mijinta bai ci abincin kirki ba. Na je Kebbe na same shi yana ɗaure kula bayan tsohon baburinsa. Ya sayo magani fiye da kima, da gangan, don kada yawan kwalaben ya nuna ya san adadi. Na ce zan bi shi in gaya wa Ardo ni ne mai laifi. Ya matsa gaba ya bar mini wuri.

Hanyar ta lalace, sau biyu muna sauka muna tura babur cikin laka. Muka sami Ardo zaune ƙarƙashin rumfar kara, ya rame. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Bayan gaisuwa na durƙusa na faɗi duk abin da ya faru, littafin da jadawalin da maganar da na gaya wa yayana. Na ce shi bai so ba, ni na matsa. Ardo ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Tashi, ɗana, na yafe ma. Kai bugawa kay yi, abin da anka ba ka shi kab buga. Mai lasifika ma ban riƙe shi ba, baƙo na.”

Ya juya wajen yayana, amma bai dube shi ba. Ya ce, “Likita, shekara ashirin ina buɗe ma garke. Ina ce ma ɗiyana ga mutum guda wanda idonai bisa allura shike, ba ruwanai da lissafi. Ashe dut shekarun ga ƙidaya kaka yi.”

Yayana ya ce, “Baffa, in ban ƙidaya ba magani ba ya isa.”

Ardo ya ce, “Na sani. Da ka bar shi cikin cikinka, da har in mutu ban gane ba. Da ya fi mani.”

A bayan dannin kara da ke kusa da mu, bai fi taku ashirin ba, wata saniya ta yi tari, irin mai nauyin nan da ke fitowa daga ƙirji. Wata ta amsa mata. Na ga yatsun yayana sun motsa bisa gwiwarsa. Ya ce, “Baffa, don Allah bar ni in duba su. Masu tarin kaɗai. Ko ka rufe mani ido ka kai ni.”

Na rantse na ga idon Ardo ya kawo ruwa. Sannan ya ce, “Shanu sun yi nisa, Likita.”

Yayana ya kwance kular ya ajiye ta gaba ɗaya a gefen tabarma. Ya yi bayanin yadda ake ba da maganin, da yadda za a ware marasa lafiya daga masu lafiya, sau biyu yana maimaitawa a hankali. Ardo ya saurara, ya yi godiya, ya raka mu har inda muka jingine babur, ya ce a gaida takwaransa.

Mun yi kamar rabin hanya sai wani garke ya fito daga daji zai ƙetare hanya, da makiyayinsa a baya, mutumin da ba mu sani ba. Yayana ya tsaya ya kashe babur. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tankin mai, ya zauna haka shanun suna wucewa ta gabanmu. Suka gama ƙetarewa, makiyayin ya ɗaga mana sanda ya bi su. Yayana bai ɗago ba.

Na ce, “Yaya, sun wuce.”

Ya ce, “Na sani.” Muryarsa ta canza. “Wallahi ban ɗaga kai ba. Ƙafafunsu kaɗai nig gani, kuma na san ko su nawa na.”

Ina zaune a bayansa, ƙirjina a jikin bayansa, sai na ji yana girgiza. Rabona da jin kukansa tun ranar da muka binne mahaifinmu. Na riƙe shi kawai, muna tsakiyar hanya, har ya gama.